Sauron da Ke Ƙarƙashin Kainuwa: Littafin Aikinmu na Fadama

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

Yau muka buɗe wannan littafi. Ni ke koyar da ilimin halittu a wata sakandare da ke bakin fadama tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, aikin kuma na ƙungiyar kimiyya ta makarantar ne, ɗalibai tara 'yan aji biyar da shida.

Wata yarinya ce ta jawo mana shi. A zangon da ya wuce ina koyar da zazzaɓin cizon sauro, na ce sauro ɗan damina ne, da ruwa ya ɗauke kududdufai suka ƙafe sai ya ja da baya. Ta ɗaga hannu daga can bayan aji ta ce, "Malam, mu dai garinmu sabro bai san rani ba." Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa na yi shiru, don ni ma har watan Maris cikin gidan sauro nake kwana, kuma ban taɓa tambayar kaina daga ina sauron rani ke fitowa ba.

Za mu bi ruwa uku har damina ta dawo: tafkin bayan gari da kainuwa ta rufe wanda ba ya ƙafewa, gonakin shinkafa, da mashayar shanu. Kayan aikinmu ludayin roba farare guda uku da muka ɗaura wa sanduna, bokitai, rariya, kofuna, yankakken tsohon gidan sauro, gilashin ƙara girma biyu, sai madubin ɗakin gwaji guda ɗaya, tsohon yayi, mai aiki da hasken rana.

Na karanta wa yaran adadi ɗaya kafin mu tashi. A binciken maleriya na ƙasa na 2021, yara 49 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada a Kebbi an sami ƙwayar cutar a jininsu. Babu jihar da ta kai mu. Legas 2 cikin 100.

Asabar, 19 ga Oktoba

Mashaya ta ba mu abin da muke nema tun ludayin farko. Sawun kofaton shanu cike da ruwan da rana ta ɗumama, a ciki ga tsutsotsin sauro kwance samɓal a saman ruwa kamar tsinken ashana. Wannan kwanciyar ita ce alamar Anopheles, dangin da ke ɗauke da maleriya: ba su da bututun shaƙar iska, dole su shimfiɗe jikinsu a fuskar ruwa. Na kwata da rijiyar salga, wato Culex, rataye suke yi kai ƙasa, bututu sama. Yaran sun riƙe wannan bambanci cikin minti biyar, har suna gardama a kan wanda ya fara gani.

Na kafa doka: babu mai shiga ruwa ba takalmin roba. Ruwan fadama akwai tsargiya, akwai matsattsaku. Takalman namu biyu ne, don haka mutum biyu ke shiga, saura su tsaya a tudu.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Tafkin kainuwa ya kunyata mu. Mako biyu muna tsoma ludayi, gabas da yamma, inuwa da sarari, ba abin kirki. Ƙananan kifi, ƙwarin ruwa, tsutsar Anopheles ɗaya-ɗaya a gefen ciyawa. Alhali duk wanda ya tsaya a bakin tafkin nan bayan magariba ya san abin da ke faruwa. Wani irin sauro ne ke taso maka, launin ƙasa-ƙasa, mai kauri, ba ya shawara, ta cikin riga ma huda kake ji. Na kama biyu a damtsena na saka a kofi.

Da safe na duba su da gilashi. Fukafukansu kamar an barbaɗa gishiri da toka, fari da baƙi a gauraye, ƙafafu da zobba farare. Wannan Mansonia ne. A yankinmu iri biyu aka fi sani, africana da uniformis, ni dai ban isa in rantse wanne na kama ba. Ɗaya daga cikinsu yana da wasu jajayen ɗigo a jiki, na zaci jini ne, da na kai shi ƙarƙashin madubi sai na ga ƙananan kaskar ruwa ce manne da shi, ya taso da su daga inda aka haife shi.

To ga manya a bakin tafki, 'ya'yan fa?

Asabar, 9 ga Nuwamba

Wani dattijo masunci da ke ɗaure kwalekwalensa a wurin ya daɗe yana kallonmu. Yau ya kasa haƙuri.

"Malam, wai mi kuka biɗa cikin ruwan ga kullum da ludayi, kamar masu damun fura?"

"Baba, 'ya'yan sauro muke nema."

"Ɗiyan sabro? To ai kun bar su ƙasa kuna biɗa bisa. Ciro kainuwa ka gani."

Ya miƙa hannu ya tsamo guda, ya juya ta. Saiwarta doguwa, gashi-gashi, cike da laka. Ya ce tun yana yaro in sun yaye kainuwa don jefa homa, sukan ga wasu 'yan tsutsotsi na zubowa daga saiwar. Na san na taɓa karanta wannan a makaranta, amma sai da tsoho ya ɗora mini a tafin hannu ya zauna a kaina.

Muka cika bokiti da ruwa mai tsabta, muka riƙa ciro kainuwa muna girgiza saiwar a ciki da ƙarfi, muka bar laka ta kwanta, muka tace da rariya a farin faranti. Ga su nan. Gajeru, masu kauri, ba sa wutsil-wutsil irin na sauran, kuma ba sa hanzarin tasowa sama.

Ga yadda abin yake. Kowace tsutsar sauro iska take shaƙa, shi ya sa take zuwa saman ruwa, shi ya sa kuma in aka zuba mai a kududdufi take mutuwa. Ita tsutsar Mansonia ta sami wata hanya. Bututunta gajere ne mai tsini, bakinsa da haƙora irin na zarto. Da shi take huda saiwar kainuwa, saiwar kuwa a cikinta akwai ramukan iska. Sai ta maƙale a nan tana zuƙar iskar tsiro, tana tace abincinta daga ruwa, ba ta da abin zuwa nema a sama. Ko da ta rikiɗa ta dunƙule kafin ta zama sauro, da ƙahonninta biyu take soke saiwar, sai ranar fita take saki ta taso. Uwar ma ba a fuskar ruwa take zuba ƙwai ba, a ƙarƙashin ganye take manna su dunƙule wuri guda. Mun juya ganye sun fi hamsin kafin wani yaro mai kaifin ido ya gano dunƙule ɗaya, baƙi, bai kai ƙwayar gero biyu ba, kowane ƙwai da tsininsa waje.

Ana cewa kainuwa dashen Allah, ba wanda ya shuka ta, ba wanda ke ba ta ruwa. Ashe har da 'yan haya gare ta.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Duk tsutsotsin Mansonia da muka kawo makaranta sun mutu cikin kwana biyu. Laifina ne, na zuba su a kofi da ruwa zalla kamar sauran. Mun sake ɗebowa, wannan karon kowane kofi da 'yar kainuwarsa. Na ga da idona yadda guda ta yi ta ja da baya tana taɓa saiwa da gindinta har ta sami wurin da ya yi mata, ta soke, ta yi lamo.

Na Anopheles da muka ɗebo daga mashaya tuni suka fashe suka zama sauro, cikin kwanaki kaɗan. Na kainuwa ba sa gaggawa.

Asabar, 7 ga Disamba

Ranar Litinin da ta wuce aka fara allurar rigakafin maleriya ta R21 a Najeriya, kuma da Kebbi da Bayelsa aka fara. Jarirai ake yi wa, daga wata biyar, sau huɗu. Yaran suka zo da tambaya: in an sami allura, me ya rage na bin sauro? Na ce allurar tana rage wa yaro haɗari, amma sauron da ya ciji yayansa da uwarsa yana nan, ita ma allurar tare da gidan sauro aka ce a haɗa ta.

Daga nan muka shiga maganar da nake ta jinkirtawa, wato me kowane sauro ke ɗauke da shi. Yaran sun riga sun yanke wa Mansonia hukunci, tunda shi ya fi cizo da zafi, shi ne mugun. Sai na ce musu ba ya ɗaukar maleriyar mutum ko kaɗan. Ƙwayar maleriya a cikin Anopheles kaɗai take girma, macen kuma, don namiji ba ya shan jini, ruwan fure ya ishe shi. In mace ta sha jinin mai cutar, sai ƙwayar ta yi kamar kwana 10 zuwa 14 tana rikiɗa a cikinta kafin ta iso yawunta. Ke nan sai tsohuwar sauro ke kisa, wadda ta tsira daga tafi da hayaƙi da ƙadangare har mako biyu. A 1897 wani likitan Ingila, Ronald Ross, ya fara ganin ƙwayar a cikin hanjin sauro a Indiya.

Wannan bai wanke Mansonia ba. Sunansa ma daga Patrick Manson aka samo shi, likitan da ya gano a ƙasar Sin, wajen 1877, cewa tsutsar da ke kawo tundurmi da gwaiwa a cikin sauro take yin wani zango na rayuwarta. A Indiya da Malesiya Mansonia ne babban mai yaɗa wani nau'in wannan tsutsa. A ƙauyukan Afirka ta Yamma Anopheles aka sani da aikin, amma wani bincike da aka buga a 2012 ya sami tsutsar, a matakin da take iya kama mutum, cikin Mansonia a Gana. 'Ya'yan tsutsar suna da wata ɗabi'a mai ban mamaki: da rana sukan ɓuya can cikin jiki, sai tsakar dare su fito jinin da ke kusa da fata, daidai lokacin da sauro ke yawo. Shi ya sa mai gwajin tundurmi da madubi da dare yake ɗibar jini. Ƙwayoyin Mectizan da albendazole da ake rabawa gida-gida, ana auna tsawon mutum da sanda, wannan sarƙa ake son tsinkewa. Kowa a ajin ya san wani mai kumburarriyar ƙafa, ba wanda ya taɓa danganta ta da sauro. Wasu sammu suka ji ana cewa, wasu taka sihiri.

Asabar, 21 ga Disamba

Kiyashi sun cinye mana sauro na wata guda da muka busar muka jera a kwali. Fukafukai kawai suka bar mana. Yanzu ƙafafun teburin suna cikin gwangwanayen ruwa, kwalin kuma da kafur. An yi hutu.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Hunturu ya kankama, hazo har ba a ganin ƙetaren fadama. Mashaya ta bushe ƙurmus, kamar yadda littafi ya faɗa. Tafki ya ja baya kaɗan, kainuwa na nan kore shar. Gonaki kuwa yanzu suka farka: ko'ina ƙarar injin ban ruwa, ana kaftu, ana dashen shinkafar rani. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma a nan Kebbi a ƙarshen 2015 noman rani ya ƙara faɗi, fadamar da da can shanu ke kiwo a cikinta da rani yanzu fangali ne iyakar ganinka.

Fangalin da aka yi wa dashe kwanan nan, ruwa bai kai idon sawu ba, rana na dukansa, shinkafa ba ta rufe ba: tsutsar Anopheles ko'ina. Wanda shinkafarsa ta yi duhu ta inuwantar da ruwa, kaɗan ne. Wato mun kashe damina ta Allah mun buɗe tamu da inji.

Ban faɗi haka don a daina noma ba. Da shinkafar nan ake biyan kuɗin jarrabawar yaran da ke riƙe mini ludayi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganin kariya da ake ba ƙananan yara wata-wata, na damina ne, da ta wuce an rufe. Mutanen tudu wannan lissafi ya yi musu daidai. Mu na bakin fadama fa?

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mun shiga ɗakuna. Da izinin mai unguwa da masu gida muka zaɓi ɗakuna huɗu, biyu kusa da tafki, biyu a tsakiyar gari. Da asuba bayan an fito, a fitar da abinci da ruwan sha, a shimfiɗa fararen zannuwa a ƙasa, a rufe ƙofa da taga, a fesa maganin sauro na gwangwani, a jira minti goma, a tattaro abin da ya faɗo. 'Yan matan ƙungiyar ne suka yi ɗakunan mata. Wata tsohuwa ta ce wa ɗalibata, "Ɗiyata, in kun gama ƙirga su ku tafi da su duka, ba ni son canji."

Akwai wata hanya da masu bincike ke bi, mutum ya zauna da dare ya buɗe ƙwaurinsa, duk sauron da ya sauka ya kama. Wani yaro ya ce shi zai yi. Na ce ko da wasa.

A zanin ɗakunan bakin tafki muka ga baƙo: Anopheles ƙarami, baƙi, ƙafafunsa baƙaƙe ba ɗigo, cikinsa ja da jini. Na gonar shinkafa, dangin gambiae, sun fi shi girma da haske, ƙafafunsu da ɗige-ɗige. Wannan siffar dangin funestus ce. Shi ba ruwansa da kududdufin kwana uku, ruwan dindindin yake so, mai ciyawa da inuwa, irin gefen tafkinmu. Tsutsarsa da ta ji motsi sai ta nutse ta daɗe ba ta taso ba, na gane dalilin da ludayinmu ya riƙa samo ɗaya-ɗaya a watan Nuwamba. Jinin mutum ya fi so a kan na dabba, a cikin ɗaki yake kwana, kuma an san shi da riƙe maleriya ta ratsa rani bayan sauran sun ragu.

Sai ga shi tafki ɗaya ya tara biyu. Mai zafin cizon da kowa ke zagi yana ƙarƙashin kainuwa, ɗan ƙaramin da ba a ko jin saukarsa yana cikin ciyawar gefe, shi ne kuma mai kai yaro asibiti.

Dangin funestus suna da 'yan uwa masu kama da juna sak, wasunsu ma ba su damu da mutum ba, ido ba ya raba su, sai gwajin ƙwayar halitta a babban ɗakin bincike. Mun ajiye kowanne a 'yar kwalbarsa da ƙullin garin tsotse danshi da muke tsinta a kwalayen takalma.

Talata, 18 ga Fabrairu

Kwana biyar ban shiga aji ba. Sanyi ya fara kama ni ranar Alhamis da la'asar, kafin dare haƙora na haɗuwa. Aka ɗiga jinina a ɗan katakon gwaji, layi biyu suka fito. Na sha maganin kwana uku, safe da dare, har ƙwaya ta ƙarshe. A tsakiyar rani, ba ɗigon ruwan sama tun Oktoba. Yarinyar da ta fara maganar ta zo gaishe ni da ƙannenta, ta ce, "Sannu Malam, Allah shi ƙara sauƙi." Ba ta ƙara komai ba, amma na ga dariyar a idonta.

Na san inda na samo shi. Makon da ya gabaci ciwon na kai dare a gona wurin wani ƙanena da ke gadin injinsa. Masu ban ruwa da yawa can suke kwana a kan tabarma, saboda ɓarayin inji da kuma layin ruwa, ba gidan sauro, ba ma inda za a rataya shi. Duk ƙirgar da muke yi a ɗakuna ba ta ga waɗannan mutane ba.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi, don haka da sassafe muke fita mu dawo kafin rana ta yi zafi. Fulani sun sauko da shanu da tumaki bakin tafki, shi kaɗai ya rage da ruwa a wannan gefen. Da magariba Mansonia kan rufe dabbobin, har ka ga saniya na ta kaɗa wutsiya tana buga ƙafa. Wannan sauro bai zaɓi jini ba, na mutum da na dabba duk ɗaya ne a wurinsa, irin wannan kuwa shi ke iya ɗauko cuta daga garke ya kawo gida. Yana cikin sauron da aka sha samun ƙwayar zazzaɓin Rift Valley a jikinsu, cutar da ke sa tumaki da shanu ɓari barkatai, aka fara bayyana ta a Kenya a 1931. A 2016 ta ɓarke a jihar Tawa ta Nijar, ta kashe mutane, akasarinsu makiyaya. Mutum ya fi kamuwa ta hanyar taɓa jini ko abin da dabba ta ɓarar. Ban ji labarinta a nan ba, amma dabbobinmu da na Nijar hanya ɗaya suke bi ta Kamba da Kangiwa. Na roƙi wani dattijon ruga, in ya ga tumaki na ɓari da yawa a lokaci guda, kada yara su taɓa da hannu, a sanar da malamin dabbobi. Ya ce, "To Malam, mun ji."

Asabar, 22 ga Maris

Yaran sun kawo shawara: a yaye kainuwar tafki gaba ɗaya, tsutsar Mansonia ta rasa abin soka. A ka'ida haka ake yaƙarsa, tunda mai ko maganin da ke tsayawa a fuskar ruwa ba ya isa inda take. Na kai wa Baba masunci maganar. Ya girgiza kai. Ya ce ƙarƙashin kainuwar nan ƙananan tarwaɗa da karfasa ke fakewa daga tsuntsaye, kuma ita ke hana rana shanye ruwan kafin damina. Ni ma ina da nawa tsoron: in aka buɗe ruwan rana ta shiga, gefen da ya yi laka zai iya zama irin wurin da dangin gambiae ke so, mu kori mai cizo mu gayyato mai maleriya.

Mun tsaya a kan gwaji. Bayan Sallah, in sarkin ruwa ya yarda, za mu yaye kusurwar gabas kawai, taku ashirin, mu tare ta da gora kada iska ta maido da kainuwar, mu bar ta yamma yadda take, mu riƙa duba duka biyun kowace Asabar har ruwan farko. Baba ya ce zai ba mu aron kwalekwale, da sharaɗin a kwashe abin da aka yaye a kai tudu ya bushe, kada a bar masa shi yana ruɓa a bakin ruwa.

Kwalaben funestus suna nan a aljihun tebur, na rubuta wasiƙa zuwa wani ɗakin bincike, ban sami amsa ba tukuna. Takalmin roba ɗaya ya huje a diddige. Ana bukatar faci kafin ranar yayewa, da igiya, da gora kamar goma sha biyu.